Yadda Za Ka Daidaita Danshi da Shigar Iska a Akwatin Macijin Kiwo

Da yawa daga cikin cututtukan da ke sa a kai macijin kiwo wurin likitan dabbobi a cikin akwatinsa suke farawa, kuma abubuwa uku ne a kan gaba: zafi, danshi, da iskar da yake shaƙa. Zafi ya fi sauƙin sarrafawa, domin da zarar ka saita na'urar daidaita zafi, ita za ta ci gaba da aikin. Danshi da iska su ne masu wuyar sha'ani, saboda a ɗaure suke da juna. Ka toshe kafofin iska, danshi ya hau. Ka buɗe su, ya gudu. Wannan ne ke jan mai kiwo ya bi gajeriyar hanya: ya ga lambar ma'aunin danshi ta yi ƙasa, sai ya rufe murfi ruf, ya yi ta fesa ruwa har lambar ta kai inda yake so. Lambar kam za ta yi kyau a ido, amma macijin yana kwance a kan jiƙaƙƙiyar shimfiɗa, wato abin da ake zubawa a ƙasan akwatin, yana shaƙar iskar da ba ta motsi, kuma illar wannan ta fi ta bushewar da ake gudu.

Duk matakan da ke ƙasa a kan ƙa'ida ɗaya suka tsaya. Danshi ya riƙa fitowa a hankali daga ruwan da ke ɓoye a ƙasan shimfiɗa, saman shimfiɗar ya kasance a bushe inda cikin maciji ke taɓawa, iska kuma ta riƙa shiga tana fita dare da rana.

Abin da ya sa jikin maciji ba ya jure kuskure a nan

Na farko shi ne numfashi. Maciji ba shi da tantanin nan da ke raba ƙirji da ciki, wanda mutum ke amfani da shi ya yi tari. Saboda haka idan majina ta taru a hanyar numfashinsa, ba shi da yadda zai kakkaɓo ta waje. A yawancin macizai huhun dama ne kaɗai ke aiki sosai, na hagu ya ƙanƙance ko ma babu shi, ko da yake mesa da danginta suna da ɗan na hagun. Iska mai bushewa da yawa tana ƙafar da laimar da ke kare hanyar numfashi. Iskar da ta tsaya cik a kan shimfiɗa mai ruwa kuma tana tara ƙwayoyin cuta da funfuna da warin kashi. Ta kowace fuska aka bi, huhu ne ke ji a jikinsa, musamman idan akwatin ya yi sanyi.

Na biyu shi ne saɓa. Kafin maciji ya tuɓe tsohuwar fata, wani ruwa yana shiga tsakanin tsohuwar da sabuwa ya raba su. Idan jikinsa ba shi da isasshen ruwa, ko iskar ta bushe ƙwarai, tsohuwar fatar sai ta manne, ta riƙa fita gutsi-gutsi. Abin tsoro a nan wurare biyu ne. Maciji ba shi da fatar ido. Wani siririn ɓawo ne garai-garai ke rufe idon, kuma shi ma yana fita tare da saɓar. In ya maƙale ya yi ta taruwa, ido na iya lalacewa. Sai ƙarshen wutsiya, inda zoben tsohuwar fata kan bushe ya shaƙe jini har wurin ya mutu ya guntule.

Na uku shi ne ruɓewar ɓawon ciki, wadda ke samun macijin da ya daɗe a kan shimfiɗa mai ruwa da datti. Wannan ce ta fi saurin kama dabbar da mai ita ya ɗauka cewa danshi yana nufin jiƙewa.

Mataki na 1: San irin macijin da kake kiwo

Babu lamba ɗaya da ta dace da kowane maciji. Ka fara da tambayar inda asalinsa yake, da kuma inda yake wuni a can.

Ƙaramar mesa mai dunƙulewa, wadda masana ke kira Python regius, ta fito ne daga Afirka ta Yamma da ta Tsakiya. Wanda ya dubi filin ciyawar da take rayuwa zai ce ai wurin busasshe ne a wani sashe na shekara, amma ita a cikin ramukan ɓeraye da cikin suri take wuni, inda iska ke riƙe laima ko da waje ya ƙafe. Masu kiwo sukan riƙe mata danshi tsakanin kashi 60 zuwa 70 cikin 100, su ɗaga zuwa wajen 80 lokacin saɓa. Macijin masara na kudu maso gabashin Amurka, Pantherophis guttatus, ya fi haƙuri, yana zama lafiya a kashi 40 zuwa 60. Bowa, wata macijiya mai kama da mesa ta yankin Kudancin Amurka, tana son 60 zuwa 75. Bowa mai launin bakan gizo ta Barazil, Epicrates cenchria, tana bukatar 75 zuwa sama, kuma 'ya'yanta suna saurin bushewa har su mutu idan aka yi sakaci. A ɗaya ɓangaren, bowar rairayi ta Kenya ta fi son iska mai sauƙin danshi, wajen 30 zuwa 50, da ɗan lungu mai laima da za ta shiga in ta so. Koriyar mesar bishiya ta tsibirin Niyu Gini da arewacin Ostareliya, Morelia viridis, ita ce misalin macijin da ke bukatar abu biyun a lokaci guda: danshi ya hau bayan feshi, sannan akwatin ya sha iska ya bushe kafin a sake fesawa.

Ka lura cewa duk waɗannan tazara ce, ba lamba ƙwaya ɗaya ba. Hawa da sauka a cikin tazarar abu ne mai kyau. A daji ma danshi yana hawa da dare ya sauka da rana.

Mataki na 2: Samu ma'aunin danshi, ka gwada shi kafin ka yarda da shi

Ana cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A maganar danshi dai ido bai san kima ba, hannu ma haka. Sai da ma'auni.

Ka sayi mai nuna lamba a fuskar gilashi, wanda ke aiki da batir, zai fi kyau in yana da 'yar waya mai kan gwaji da za ka zura cikin akwati. Masu allura da ake mannawa a bango sukan kauce sosai, kuma gam ɗin bayansu haɗari ne: idan ma'aunin ya ɓalle maciji ya bi ta kansa, gam ɗin yana iya ɗaye masa fata. Wannan doka ce ta dindindin, kada wani abu mai gam ko salatif ya shiga cikin akwatin maciji.

Gwajin ma'auni ba shi da wuya. Ka cika murfin kwalba da gishirin girki, ka ɗiga ruwa kaɗan har ya jiƙe ba tare da ya narke ba. Ka sa murfin da ma'aunin a cikin mazubin roba da ke rufuwa gam, ka ajiye a inda zafin ɗaki ba ya canzawa, ka bar su kwana guda. Iskar da ke kan jiƙaƙƙen gishiri a rufaffen wuri tana tsayawa a kashi 75. Idan ma'auninka ya nuna 68, ka san yana rage 7, sai ka rubuta hakan a jikinsa ka riƙa ƙarawa duk lokacin da ka duba. Idan ya kauce da fiye da 10, ka canza shi. Ka maimaita gwajin sau ɗaya ko biyu a shekara, domin kan gwajin yana gajiya idan ya daɗe cikin laima.

Inda ka ajiye kan gwajin yana da muhimmanci kamar ingancinsa. Ga macijin ƙasa, ka sa shi 'yan santimita sama da shimfiɗa, a tsakiyar akwati ko wajen ɓangaren sanyi, wato gefen da ke nesa da na'urar zafi, nesa da kwanon ruwa, kuma kada ruwan feshi ya taɓa shi. Wanda aka rataye can sama kusa da fitila zai riƙa ba ka labarin iskar da macijin ba ya shaƙa. Idan akwatin dogo ne, ma'auni biyu sun fi, ɗaya a kowane ɓangare. Ga macijin bishiya kuwa, a tsayin reshen da yake kwanciya za ka auna.

Mataki na 3: Fahimci yadda zafi ke cinye danshi

Wannan matakin babu abin saye a cikinsa, amma wanda ya gane shi ya huta da ruɗani mai yawa. Lambar da ma'auni ke nunawa ba yawan ruwan da ke cikin iska ba ce kai tsaye. Tana nuna kason da iskar ta ɗauka ne daga iyakar abin da za ta iya ɗauka a wannan zafin. Iska mai ɗumi tana iya ɗaukar tururi fiye da mai sanyi. A digiri 20 na ma'aunin Salshiyas, mita ɗaya ta kowace fuska ta iska tana cika da kimanin giram 17 na tururin ruwa. A digiri 30, sai ta kai kimanin giram 30 kafin ta cika.

Ka ɗauka ɗakinka yana digiri 20, danshinsa kashi 60. Iskar tana ɗauke da kusan giram 10 ke nan. Da ta shiga ɓangaren ɗumi na akwati ta kai digiri 30, giram 10 ɗin nan bai ƙaru ba bai ragu ba, amma ma'auni zai nuna wajen kashi 34. Ba ruwa ne ya tsere ba, iskar ce ta ƙara faɗin ciki.

Abubuwa uku ke fitowa daga wannan lissafi. Ɓangaren ɗumi kullum zai nuna lamba ƙasa da ta ɓangaren sanyi, kuma wannan ba matsala ba ce. Da dare, in zafi ya sauka, lambar za ta hau da kanta, don haka ka duba ma'auni da sassafe da kuma tsakar rana kafin ka yanke hukunci. Sannan dole ne ka daidaita zafi tukuna kafin ka taɓa danshi. Ga ƙaramar mesa, misali, wurin ɗumi yana wajen digiri 31 zuwa 33, wurin sanyi 24 zuwa 27. Kada ka taɓa rage zafi don lambar danshi ta hau. Sanyi da laima a haɗe su ne hanyar ciwon huhu mafi kusa.

Fitilar zafi da na'urar ɗumama ta tangaran da ake ratayawa a sama suna busar da iska sosai. Ba dalilin cire su ba ne, dalilin ƙara ruwa a shimfiɗa ne. Kowace na'urar zafi ta kasance a haɗe da na'urar daidaitawa, kuma wadda ke cikin akwati a kewaye ta da kejin waya don kada maciji ya naɗe ta ya ƙone.

Mataki na 4: Tsara hanyar iska

Iska mai ɗumi sama take yi. Da wannan za ka yi aiki. Ka buɗe kafofi a ƙasa-ƙasa a ɓangaren sanyi, ka buɗe wasu a sama a ɓangaren ɗumi. Iskar da ta yi ɗumi za ta fita ta sama, ta jawo sabuwa ta ƙasa, sabuwar ta ratsa tsawon akwatin ta kan shimfiɗa, ta ɗauki laima tana tafe. Haka akwati ke numfashi ba tare da fanka ba. Idan duk kafofin suna bango ɗaya a tsayi ɗaya, iska za ta riƙa kewayawa a bakinsu kawai, lungunan ciki su zauna da tsohuwar iska.

Yadda za ka cimma wannan ya danganta da irin akwatinka.

Akwatin gilashi mai murfin raga shi ne mafi zubar da danshi, domin dukan rufinsa ƙofa ce a buɗe. Ka rufe rabi zuwa kashi biyu cikin uku na ragar daga waje, da fallen roba mai kauri ko fallen alminiyom. Ka fara da tsakiya, ka bar fili a ƙarshe biyun, kuma ka bar tazara mai kyau kewaye da fitila don kada roba ta narke. Wasu sukan ɗora jiƙaƙƙen tawul a kan ragar. Ban ba da shawarar haka ba: yana bushewa cikin 'yan sa'o'i, yana yin funfuna idan ana ta jiƙa shi, kuma kusa da fitila yana iya kama wuta.

Akwatin roba mai ƙofar gilashi ta gaba yana riƙe danshi da kyau, har yakan wuce gona da iri. A nan aikinka yawanci ƙara kafofi ne. Akwatin katako yana riƙe zafi, amma laima tana kumbura shi ta ruɓar da shi, sai an shafe cikinsa da fentin da ruwa ba ya ratsawa, an toshe mahaɗan da silikon irin na tankin kifi, an kuma bar shi ya sha iska har wari ya ɗauke gaba ɗaya kafin maciji ya shiga.

Idan babban mazubin roba kake amfani da shi ga ɗan maciji, ka huda jere biyu na ƙananan ramuka, na ƙasa a gefe guda, na sama a ɗaya gefen. Ka huda daga ciki zuwa waje, ka goge bakin kowane rami ya yi sumul, domin maciji yana goga hanci a duk inda ya ji iska. Ramin ya yi ƙanƙanta sosai fiye da kansa. Ka fara da kaɗan. Ƙarawa ta fi toshewa sauƙi.

Fanka sai in ya zama dole, misali a dogon akwatin macijin bishiya. A yi amfani da 'yar ƙarama irin ta cikin kwamfuta, a kafa ta a waje bayan raga, tana zuƙo iska daga ciki tana fitarwa, na 'yan mintuna lokaci-lokaci. Kada ta hura kan dabbar. Haka kuma kada a ajiye akwatin a gaban na'urar sanyaya ɗaki ko bakin taga. Zagayawar iska daban take da iska mai kaɗawa.

Hancinka ma'auni ne mai kyau a wannan matakin. Ka buɗe ƙofa da safe ka shaƙa. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa alama ce mai kyau. Warin tsami, ko na rufaffen ɗaki, ko mai hawa kai, yana nufin iska ba ta fita.

Mataki na 5: Shimfiɗa, ma'ajiyar ruwan akwati

A nan ne yawancin aikin yake. Shimfiɗa mai kauri tana shan ruwa ta riƙe, ta riƙa sakinsa a hankali na kwanaki, abin da feshi ba zai taɓa yi ba.

Ga macizai masu son danshi, gutsattsarin ɓawon kwakwa da zarensa suna aiki sosai, haka ɓawon itace irin wanda ake sayarwa don dabbobi masu jan ciki, haka ƙasa mai tsabta wadda ba a sa mata taki ko maganin ƙwari ba. Ana iya haɗa su. Ɓarɓashin farin katako na itacen asfen (aspen a Turance) ya dace da macizan busasshen wuri, amma yana yin funfuna da zarar ya jiƙe, don haka kada a haɗa shi da feshi. Ɓarɓashin katako mai ƙamshi, irin na itacen sida (cedar a Turance) da ɗanyen itacen fayin (pine), a nisance shi ɗungurungum, domin man da ke cikinsa yana cutar da numfashin maciji. Takarda tana da tsabta kuma ita ta fi dacewa da sabon maciji ko mara lafiya, sai dai ba ta riƙe ruwa, don haka sai an dogara da maɓoyar danshi, wadda za a bayyana a mataki na 6.

Kaurin shimfiɗar ya kai santimita 8 zuwa 10. Siririyar shimfiɗa hali biyu kawai ta sani, jiƙewa sharkaf ko bushewa ƙayau.

Ga yadda ake shayar da ita. Ka ɗebi ruwa a kofi, ka tsiyaya a kusurwoyin akwatin da gefen bango, ya gangara ƙasa ba tare da ya jiƙa tsakiya ba. Ka fi ba ɓangaren ɗumi, domin a can ne ruwa ke saurin zama tururi, amma ka kauce wa ƙarƙashin maɓoya inda maciji ke wuni. Ka fara da kaɗan, ka jira kwana ɗaya ko biyu ka ga abin da ma'auni zai ce. Sannan ka tura yatsa har ƙasa. Saman ya kasance a bushe, tsakiya da sanyin laima, can ƙasa da ɗan jiƙewa. Ka damƙi na ƙasan a hannu: ya dunƙule amma kada ruwa ya ɗiga, kamar tsumman da aka matse sosai. In ka tarar ruwa ya kwanta a gindin akwati, ya yi yawa, sai ka kwashe wani sashe ka gauraya da busasshe.

Akwai wani abu da ke ruɗa sababbin masu kiwo. Sabon ɓawon kwakwa da aka jiƙa don ya warware yakan ɗaga danshi har sama da 90 a kwanakin farko, gilashi ya yi ta gumi. Ka shanya shi ya sha iska kafin ka zuba, ko ka shirya akwatin mako guda kafin macijin ya shiga.

Ɗumi da laima suna sa datti ya ruɓe da sauri. Ka duba kowace rana, ka kwashe kashi da farin abin da ke fita tare da shi, har da shimfiɗar da ke kewaye. Ka canza dukan shimfiɗar duk wata ɗaya zuwa uku, ko nan take idan wari ko funfuna sun bayyana. Bayan kowane aiki a akwatin ka wanke hannu da sabulu, domin macizai sukan ɗauki ƙwayar cutar salmonela ba tare da sun nuna wata alama ba.

Mataki na 6: Kwanon ruwa da maɓoyar danshi

Faɗin bakin kwano ne ke ƙara danshi, ba zurfinsa ba. Ka zaɓi mai faɗi da nauyi wanda maciji ba zai kifar ba. Matso da shi wajen ɗumi yana ƙara tururi, mayar da shi wajen sanyi yana ragewa, kuma wannan ita ce hanya mafi sauƙi ta gyara ɗan bambanci. Ruwan da ke wajen ɗumi yana saurin ɓaci, sai a riƙa canza shi kullum.

Maɓoyar danshi kuwa, a ganina, babu akwatin da ya kamata ya rasa ta, har na macizan busasshen wuri. Ka samu mazubin roba mai murfi, wanda zai ɗauki macijin a naɗe jikinsa yana taɓa bango. Ka yanka ƙofa a gefe ko a murfi, ka goge bakinta. Ka cika rabinsa da gansakuka irin ta sfagnam da ake sayarwa a busasshe, bayan ka jiƙa ta ka matse. Ka ajiye shi a tsakiyar akwati ko kusa da wajen ɗumi. A ciki danshi zai yi sama ƙwarai, alhali sauran akwatin yana shan iska. Amfaninta shi ne ta mayar wa maciji zaɓi: shi ya fi ka sanin lokacin da jikinsa ke bukatar laima. Ta zama ƙari a kan busassun maɓoya biyu, ɗaya a wajen ɗumi ɗaya a wajen sanyi, domin in ita kaɗai ce wurin ɓuya, zai zauna ciki dole har cikinsa ya lalace. Ka riƙa duba gansakukar duk bayan kwana biyu ko uku, ka canza ta idan ta yi datti ko wari.

Mataki na 7: Feshi da na'urar hazo

Feshi yana ɗaga lamba na ɗan lokaci, sannan ta faɗo, ya bar saman shimfiɗa a jiƙe. Yana da amfani ga macizan bishiya, waɗanda sukan sha ɗigon ruwa a jikinsu da kan ganye. Idan za ka fesa, ka yi da ruwa mai ɗan ɗumi, a bango da ganye, a lokacin da akwatin zai samu sa'o'in bushewa kafin na gaba.

Na'urar hazo, wadda ke watsa ruwa cikin iska kamar tururi, ta fi jawo matsala fiye da magance ta ga macijin ƙasa. Tankinta da bututunta suna tara ƙwayoyin cuta, ta kuma watsa su kai tsaye cikin iskar da dabbar ke shaƙa. Wanda ya ga dole sai da ita, ya yi amfani da tataccen ruwa, ya wanke ta akai-akai, ya kunna ta na gajeren lokaci.

Mataki na 8: Lokacin saɓa

Alamar farko ita ce launin jiki ya dushe, sannan idanu su yi fari-fari ko shuɗi-shuɗi. Bayan 'yan kwanaki idanun za su washe, har ka yi zaton an fasa, sai kuma bayan wasu 'yan kwanaki saɓar ta fita. Duka yakan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu. Tun daga ranar da ka ga dushewar za ka ƙara ruwa a kusurwoyi ka sabunta gansakuka, domin a lokacin ne fatar ke rabuwa a ciki. Wanda ya jira sai ranar fita ya makara. Ka tabbata akwai wani abu mai kaushi, dutse ko ɓawon itace, da zai goga baki ya fara tuɓewa. Ka rage ɗaukarsa a hannu, domin ba ya gani sosai a kwanakin nan kuma yana cikin tsoro.

Da saɓar ta fita, ka miƙe ta ka duba murafun ido biyu da tsinin wutsiya. Saɓa guda ɗaya cif ita ce shaidar da ta fi kowane ma'auni gaskiya.

Idan ta maƙale, ka shimfiɗa tawul mai laima da ɗumi, wajen digiri 27 zuwa 30, a cikin mazubi mai ramukan iska, ka sa macijin na minti 20 zuwa 30 kana kusa. Sannan ka bar shi ya ratsa ta cikin tawul ɗin a hannunka, daga kai zuwa wutsiya. Abin da ya fita da kansa ya fita, abin da ya ƙi a sake gwadawa gobe. Murfin ido kuwa kada ka kusance shi da matsefata ko farce ko salatif. Abin da kake zaton tsohon murfi ne yana iya zama sabon da ya ɗan yamutse saboda bushewa, kuma cire shi makanta ce. Wannan aikin likitan dabbobi ne.

Mataki na 9: Karanta alamu, ka gyara abu ɗaya a lokaci guda

Idan danshi ya yi ƙasa, za ka ga saɓa gutsi-gutsi, fata mai tattarewa, ido ya ɗan lotsa, farin kashin ya fito da tauri a bushe. Ka bi gyaran a jere: ƙara ruwa a shimfiɗa, ƙara kaurinta, faɗaɗa kwano, sannan a ƙarshe ka rage kafofin iska kaɗan. Toshe kafofi shi ne na ƙarshe a layi, kuma ba a toshe su duka.

Idan ya yi yawa, gilashi zai yi gumi wuni guda, funfuna ta fito, ƙananan ƙudaje su bayyana. Gumin da ya fito da asuba ko bayan feshi ya ɓace cikin sa'a ɗaya ko biyu ba komai ba ne. A ɗaki mai sanyi ma gilashi yakan yi gumi ko da danshin daidai yake, saboda haka ka duba ma'auni kafin ka ɗauki mataki. Gyaran shi ne buɗe ƙarin kafofi, mayar da kwano wajen sanyi, da gauraya busasshiyar shimfiɗa. Idan ɗakin kansa ne ke da laima sosai, sai a gyara ɗakin, domin iskar da ke shiga ba za ta busar da komai ba.

Bayan kowane canji ka jira kwana biyu, kana rubuta lambar safe da ta rana. Ka sake yin wannan duk lokacin da yanayin shekara ya juya, ko ka fara kunna na'urar sanyaya ɗaki ko ta ɗumama shi, domin dukansu suna busar da iska, kuma tsarin da ya yi daidai a wata uku da suka wuce yana iya kaucewa.

Macijin da ya tare a kwanon ruwa kwana da kwanaki yana faɗa maka wani abu: ko zafi ya yi masa yawa, ko iska ta bushe, ko ƙananan baƙaƙen ƙwari masu shan jini sun kama shi. Ka duba gindin kwanon, da kewayen idonsa, da ƙarƙashin haɓarsa, ko za ka ga ɗigo-ɗigo baƙi.

Wasu alamun sun wuce gyaran akwati. Numfashi da baki a buɗe, kumfa ko yauƙi a baki da hanci, ƙara ko fito a kowane numfashi, da ɗaga kai sama na dogon lokaci alamun ciwon huhu ne. Ɗan fito a kwanakin saɓa kan faru saboda fatar hanci ta saki, amma ya kamata ya tafi tare da saɓar. Tabo ja ko ruwan ƙasa a ɓawon ciki, ɓawo mai ɗagowa, ko bororo mai ruwa alamun ruɓewa ne ko ƙuna. Sun bambanta da ɗan jan da kan mamaye cikin ƙaramar mesa bai ɗaya gab da saɓa. Da ka ga ɗaya daga cikin waɗannan, ka kwashe shimfiɗar, ka wanke akwatin, ka shimfiɗa busasshiyar takarda mai tsabta, ka tabbatar zafi yana daidai, ka bar masa ruwan sha, sannan ka kai shi wurin likitan dabbobi da ya san dabbobi masu jan ciki ba tare da jinkiri ba, domin ruɓewar fata tana iya shiga jini. Ka tafi da takardar da kake rubuta zafi da danshi, da hoton akwatin, domin su ne abin da likitan zai fara tambaya.